Daren da Mariya Kalas ta Bar Shugaban Italiya a Zaune

Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da su ke kira opera, wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa. In sarki zai ba da umurni, da waƙa zai bayar. In an soki mutum da takobi, ba ya faɗuwa sai ya rera baiti goma yana ban kwana da duniya. Ƙasar Italiya ce mahaifar wannan wasa, kuma mutanenta ba su ɗauke shi abin wasa ba. Mawaƙiya za ta tsaya gaban mutum dubu biyu ko fi, ga makaɗa kamar saba'in suna ta goge da busa, ba na'urar ƙara murya, amma dole wanda ke can ƙurya ya ji ta sarai.

A shekarun 1950 mata biyu ne su ka riƙe wannan fage. Ɗaya Renata Tebaldi, mutuniyar Italiya, mai murya kamar zuma, wadda ta yi suna tun 1946, sa'ad da ta yi waƙa a bikin sake buɗe La Skala, babban gidan opera na birnin Milan, bayan yaƙin Hitila. Ɗayar kuwa Mariya Kalas, 'yar Girkawa, haifaffiyar Niyu Yok a 1923. Muryarta ba ta kai ta Tebaldi daɗi ba, amma in ta yi kukan wasa, sai ka ga dattawa suna share hawaye na gaske.

To, ba a sarki biyu zamani ɗaya. Masu kallo su ka rabu gida biyu, su ka mai da matan nan tamkar kishiyoyi, alhali ba miji. 'Yan jarida kuwa su ne masu hura wuta. A 1956 mujallar Time ta Amurka ta buga wai Kalas ta ce gwada ta da Tebaldi daidai ya ke da gwada giyar Faransa mai tsada da Coca-Cola. Da Kalas ta zubar da ƙiba wajen kilo 36 tsakanin 1953 da 1954, sai magulmata su ka ce ai tsutsar ciki ta haɗiye da gangan. Da tana da ƙiba sun ce ta cika fage, da ta rame sun ce murya ta tafi tare da kitsen.

Babban tashin hankali ya auku ran 2 ga Janairu, 1958, a gidan opera na birnin Rum. Wasan da za a yi shi ne Norma na Bellini, wanda mawaƙa mata ke tsoro don wuyarsa. Shugaban ƙasa, Gronki, ya zo da matarsa, manya sun cika gida, ana kuma watsa abin ta rediyo. Kalas ta fito ta yi kashi na fari, sa'an nan ta shige ɗakinta ta ƙi fitowa. Jama'a su ka yi ta jira. Daga ƙarshe aka ce kowa ya kama gabansa, wasa ya mutu. Shugaba ya tashi ya koma gida bai ga ƙarshen labari ba.

Kai, gari bai waye ba sai da zancen ya gama Turai. Waɗansu su ka ce girman kai ne. Waɗansu su ka ce ai an gan ta wurin shagalin sabuwar shekara da tsakad dare. Mutane su ka taru bakin masaukinta suna ihu, har magana ta kai majalisar dokoki. Aka tuno kuma cewa a 1957 ta bar Edinbara ba ta yi wasa na biyar ba, ta tafi biki a Benis, aka manta wasa huɗu kaɗai ta sa hannu za ta yi.

Abin da ba a so a ji ba shi ne, matar nan ba ta da lafiya. Sanyi ya kama mata maƙogwaro tun kafin ranar, likitoci sun duba ta, ta kuma gaya wa masu gidan su nemi wadda za ta maye gurbinta in abin ya ƙi. Ba su nema ba. Laifi tudu ne, su ka taka nasu su ka hango nata, su ka hana ta sauran wasannin, su ka kirawo Anita Cerketti. Kalas ta kai ƙara, kuma sai a 1971 kotu ta ba ta gaskiya, shekara goma sha uku bayan an gama yanke mata hukunci a bakin kasuwa. Jaridun da su ka cika shafi da zaginta, 'yan layuka su ka ba wannan labari.

Kafin nan duniya ta riga ta juya mata baya. A Nuwamba 1958 Rudolf Bing, shugaban gidan opera na Metropolitan a Niyu Yok, ya soke yarjejeniyarta. A 1959 ta rabu da mijinta Menegini saboda Onasis, attajirin jiragen ruwa. Ta yi wasanta na ƙarshe a London a 1965, murya ta gaji tana da shekara 41. A 1968 Onasis ya auri matar marigayi Shugaba Kennedy, ya bar ta da 'yan jarida a ƙofar gida.

A shekarar nan ta 1968 ta je ta saurari Tebaldi a Niyu Yok, bayan an tashi ta shiga wurinta su ka rungumi juna. Masu faɗa dominsu su ka rasa abin cewa.

Allah Sarki! Kalas ta rasu a Paris ran 16 ga Satumba, 1977, tana da shekara 53, Tebaldi kuwa sai a 2004. Faifan kashin nan na fari da aka ɗauka a Rum yana nan har wa yau, kuma masu saurare suna ta gardama a kan ko muryar mara lafiya ce ko ta mai lafiya. Mai maƙogwaron dai ta san abin da ta ji, gama jiki magayi.