Kafin Ka Ɗaura Wa Motarka Tirela, Ka Yi Wannan Lissafin

Duk wanda ya fara kiwon kaji ko kifi a Katsina ya san akwai kuɗin da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato kuɗin dako. Yau abinci daga cikin gari, gobe ɓuntun shinkafa na shimfiɗa, jibi a kwashe kashin kaji a kai gona. Shi ya sa da zarar mutum ya samu 'yar a-kori-kurarsa sai tunani ya zo masa: me zai hana in sa mata ƙugiya a baya, in riƙa jan tirela, sawu biyu ya koma ɗaya?

Tunanin ba laifi. Amma ƙugiya ba ta ƙara wa mota ƙarfi ko kaɗan. Inji, birki da kuloci duk suna nan yadda kamfani ya yi su.

Mu fara da 'yar kurkura, irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry da ake shigowa da su daga Japan. Injinsu 660cc ne, kuma a can ƙasarsu nauyin da aka yarda su ɗauka kilo 350 ne kacal. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, ka ga buhu 14 ke nan. Na san za ka ce ai kullum muna ganinsu da ninkin haka a hanyar Babbar Kasuwa. Gaskiya ne, je ka tambayi makanikensu sau nawa suke canza sifirin. A ganina wannan mota ba ta jan tirela ba ce, ka bar ta ta yi sawu biyu.

Hilux da sa'o'inta su ne ake magana. Bayanta na ɗaukar kusan tan ɗaya, gwargwadon samfurin. Sai dai a nan ma akwai abin da mutane ke tsallakewa: babban adadin da kamfani ke talla da shi na tirela mai birkin kanta ne. Tirelar da ba ta da birki, irin wadda masu walda ke haɗa mana, iyakarta kilo 750, kuma har da nauyin ita kanta tirelar.

Masu kifi, ku ne abin ya fi shafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 1,000 in ya cika tan ɗaya ne cur, tun kafin a lissafa tankin da tirelar. Ka wuce iyaka tun ba ka bar bakin rijiyar burtsatse ba. In kuma ka ce bari ka zuba rabi, ruwan zai riƙa kai-komo a ciki, ka taka birki ya turo ka gaba, ka sha kwana ya jefa ka gefe. Jarkoki cikakku da aka ɗaure tam sun fi babban tanki rabin ciki kwanciyar hankali.

Wajen ɗaurawa kuwa, kada ka yarda a yi maka walda a jikin bamba. Bamba ba a yi ta don ja ba. Ƙugiya a jikin ƙarfen gindin mota take zama, wanda makanikai ke kira casis, a kama shi ta ɓangarori biyu da noti masu ƙarfi. Ka duba kan notin, ka ga an buga 8.8 ko sama da haka. Yawancin motocin nan suna da ramukan da kamfani ya tanada, a yi amfani da su, domin walda kai tsaye a casis tana iya raunana ƙarfen. Sannan ƙwallon ƙugiyar da bakin tirelar su zama awo ɗaya. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, a ido kamar ɗaya suke amma ba ɗaya ba ne, kuma kayan gwanjo kan zo a cakuɗe. A ƙara sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan tirelar, in ƙugiya ta kuɓuce su tare ta. Fitilar birki da sigina ma dole ne. Ko ba don jami'an KASSAROTA da 'yan Road Safety ba, ka tuna da mai babur da ke bin ka bayan magariba a hanyar Dutsin-Ma.

Lodi shi ma da tsarinsa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya su zauna gaban tayoyin tirela, ta yadda kusan kashi 10 na nauyin duka zai danna kan ƙugiya. In tirela da kayanta kilo 500 ne, kilo 50 ke nan, nauyin buhu biyu na abincin kaji, kuma sikelin awon kifinka zai iya gwada maka. Kaya suka taru a baya, tirela za ta fara wutsiya da zarar ka ƙara gudu.

To me ya kamata a zuba mata? Kaya masu cika wuri marasa nauyi: ɓuntu, kejin da babu kaji, tanki babu ruwa. Babban amfaninta a wurina shi ne kashin kaji. Ka ware masa tirela, bayan mota ya zama na abinci kaɗai, domin mota da kayan aiki na cikin hanyoyin da cuta ke bi daga gona zuwa gona, abin da masu kaji suka gani tun ɓullar murar tsuntsaye a Najeriya a 2006. Ƙwai da 'yan tsaki kuma kada su kusanci tirela. Girgiza ta fasa ƙwan, ƙura da hayaƙin salansa su shaƙe 'yan tsakin, balle a zafin Afrilu da kan haura digiri 40.

Ranar farko ka fita da ita babu kaya a hanyar da ba cunkoso, ka koyi ribas da shan kwana. Ka dawo ka sake ɗaure notin, ka ƙara duba su bayan sawun farko da kaya.