Kalma ɗaya a yarjejeniyar P&ID: ina ne mazaunin shari'ar?

A Janairun 2010 Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin P&ID kan gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ko tubali ɗaya ba a aza ba. Da rigima ta ɓarke, sai wani ɗan sashe ya zama abin ja-in-ja: ya ce dokar Najeriya ce za ta yi aiki, amma wurin sasanci Landan ne.

Najeriya ta ce Landan ɗakin zama ne kawai, ikon duba hukunci na kotunanta ne, har Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke hukuncin farko na masu sasancin a 2016. Masu sasancin, ƙarƙashin Lord Hoffmann, suka ce a'a, Landan ce mazaunin shari'ar, Mai Shari'a Butcher na kotun Landan kuma ya tabbatar da haka a 2019. Najeriya ma ta kwance wa kanta zani a kasuwa, domin Landan ta fara kai ƙorafinta kafin ta juya Legas. Diyyar dala biliyan 6.6 da aka yanke wa Najeriya a 2017 ta yi ta haihuwa da ruwan kashi 7 cikin ɗari har ta haura biliyan 11.

Irin wannan harshen damo ba daga sama yake faɗowa ba. Akan kwafo sashen sasanci daga tsohuwar takarda a manna a ƙarshe, lokacin da hankalin kowa ya koma kan bikin sa hannu. Wani lokaci da gangan ake barinsa a dunƙule don kada ciniki ya watse, kowa na fatan fassararsa ce za ta ci. Su kuwa alƙalan kasuwanci na Ingila ba ruwansu da abin da minista ya ƙudurta a zuci. Abin da mai hankali zai fahimta daga rubutun suke bi. Wanda ya zo da ƙwararrun lauyoyi tun ranar rubutu shi ke cin riba, kuma sau da yawa ba gwamnati ba ce.

Sabuwar dokar sasanci ta Najeriya ta 2023 ta bambance mazaunin shari'a da wurin zama, sai dai doka ba ta rubuta wa jami'i yarjejeniya. A Oktoban shekarar Mai Shari'a Knowles na kotun Landan ya gano an samo hukuncin ta hanyar cin hanci da zamba, Najeriya ta tsira. Ikon yin hakan kuwa ya same shi ne daga fassarar nan da Najeriya ta yi ta yaƙa.