Tiga Da Falgore: Arzikin Da Ke Ƙofar Ƙafin Maiyaki

Matafiyin da ya biyo ta Ƙafin Maiyaki ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya ratsa ƙasar da Allah Ya albarkata da ruwa da daji. Ba nisa da garin akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Can kudu kuwa ga dajin Falgore, wanda aka keɓe tun 1949.

A ƙasashen bakin teku, kamar Masar da Kenya, irin wannan baiwa ita ke jawo baƙi. Sukan biya kuɗi su nutse ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya, su yi kallon kifaye. Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, su suka ƙera na'urar shaƙar iskar a 1943.

Amma nutso ba wasa ba ne. Duk mita 10 da mutum ya ƙara ƙasa, nauyin ruwa yana daɗa danne shi, kuma wanda ya daɗe a ƙasa ya taso da gaggawa yana iya shanyewa. Ga shi ruwan Tiga yakan dagule da damina. Masuntanmu kuwa da numfashinsu kaɗai suke shiga.

Saboda haka, kafin a yi kiran baƙi, ya kamata hukuma ta horar da 'ya'yan masunta aikin nutso da ceto, ta kuma wajabta rigar ruwa a kowane kwalekwale. Rigakafi ya fi magani.