Ragon Turke da Kitsensa

Saura wata biyu Babbar Salla, kusan kowane gida a wani ƙauye na ƙasar Funtuwa da rago a turke. Tambaya ɗaya ce ta kawo wani baƙo ƙauyen: man gyaɗa ruwa ne, to me ya sa kitsen ragon da ya ci tunkuza da angurya yake daskarewa a baki da zarar romo ya huce?

Mai gari ya yi masa maraba da fura, ya sa yaro ya raka shi gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Duk shekara takan ɗaure Balami biyu. Kuɗinsu ne hatsin damina da littattafan jikoki. Bara gaggawa ta ja ta. Tana son ɗaya daga cikin ragunan ya yi saurin cika ido, sai ta riƙa zuba masa ragowar man suyar ƙosai a kan dusa, ga tunkuza ba awo. Cikin kwanaki ya rage tuƙa, ya juya wa harawa baya, kashinsa ya yi ruwa. Kafin Salla ya zube, ta sayar da shi a faɗuwa.

"Wallahi, Malam, da hannuna na yi masa," in ji ta, tana shafa wuyan na bana. "Ni gata nake nufi." Da gani asarar ba ta bar zuciyarta ba.

Malamin dabbobin da ke zagayen ƙauyukan, wanda shi ma yana wurin, ya ce: "Inna, ba ke kaɗai ba ce." Ya bayyana cewa tumbin rago cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa da harawa. Idan mai ya haura kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na busasshen abinci, sai ya lulluɓe ciyawar, ya kuma raunana halittun, narkewa ta ja baya. Man da ya shiga daidai kima kuwa, halittun ne ke sauya shi. Suna ƙara masa haidurojin, mai ruwa-ruwa ya koma mai tauri kafin ya kai hanji. Shi ya sa kitsen rago ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 40, alhali jikin mutum a 37 yake. Mahauta sun daɗe da sanin cewa kitsen ƙoda ya fi na ƙarƙashin fata tauri.

Abin da ya fi ba baƙon mamaki shi ne yawancin kitsen rago daga ciyawa yake. Narkewarta a tumbi na samar da wani sinadari, asitet, ƙwayoyin kitse su ɗauke shi daga jini su ƙera kitse da kansu. A kaza hanta ce ke wannan aiki. Da an ƙara mai a abinci, ƙwayoyin sukan rage ƙera nasu, su koma ajiyar wanda jini ya kawo. A babban rago kuma ba yawa suke ƙarawa sosai ba, kumbura suke yi.

Bana da ƙaramin gwangwanin madara dattijuwar ke auna tunkuza, harawa kuwa ba ta yankewa a gaban turke. Da la'asar Balamin na kwance a inuwar rumbu yana tuƙa, ita kuma tana jiƙa masa dusa da ɗan kanwa.