But-kot ko miƙaƙƙe: wane jins ne ya dace da jikinka?

Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan gwanjo a Yaba, ko Katangowa ta Abule Egba ranar da aka fasa sabuwar dila, ya san dokar wajen. Babu ɗakin gwaji, kuma in ka biya ka juya baya magana ta ƙare. Shi ya sa samarinmu da yawa a Sabo, Agege da Idi-Araba ke da wandon jins biyu ko uku a ƙasan jaka waɗanda sau ɗaya aka sa su. Yadin yana da kyau, ƙugu ya yi daidai, amma da mutum ya tsaya gaban madubi sai ya ga kamar aro ya yi. Galibi matsalar daga yankan ƙafa take, kuma yanka biyu ne suka fi ruɗa mutane: miƙaƙƙe, wanda 'yan kasuwa ke kira sitiret, da but-kot.

Miƙaƙƙe faɗinsa ɗaya ne daga gwiwa har baki. But-kot kuwa yana ɗan kama cinya da gwiwa, sannan ya buɗe kaɗan daga ƙwauri zuwa ƙasa. A rataye ba lallai ido ya gane ba, kuma mai kaya zai ce maka duk abin da kake son ji. Ga yadda za ka gane da kanka: ɗauki bakin ƙafar wandon ka naɗo shi ka ɗora a kan gwiwar. In bakin ya fi gwiwar faɗi, but-kot ne. In sun zo daidai, miƙaƙƙe ne. In bakin ya gaza, to fensir ka riƙe, wannan kuma wata magana ce daban.

Asalin jins kayan aiki ne. A shekarar 1873 wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar sa ƙananan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage, a Amurka. Levi's 501 da kowa ke nema a dila miƙaƙƙe ne. Shi but-kot an yanka shi ne don bakinsa ya hau kan dogon takalmin makiyayan shanu na Amurka, masu kiwo a kan doki, kuma Levi's 517 da ya fito a 1969 shi ne sanannen misalinsa. Abin dariya, mu da muka tashi a cikin shanu ba ya yi mana aikin da aka yi shi dominsa. Je ka mayankar Oko-Oba da safe ka duba: kowa cusa wandonsa yake cikin dogon takalmin roba saboda jini da caɓi. Miƙaƙƙe yana shiga salin-alin, but-kot kuwa sai ya dunƙule a ciki yana cin ƙafa.

To, batun jiki. In kai gajere ne, shawarata ka bar but-kot ga masu shi. Buɗewar ƙasan tana haɗiye takalmi, sai ƙafar ta ƙara gajarta a ido. Akwai kuma abin da mutane ba sa lissafawa: yawancin jins na dila an ɗinka su ne da tsawon inci 32 ko 34, dole ka kai wa tela ya rage. Miƙaƙƙe ko inci huɗu aka cire yana nan yadda yake. But-kot kuwa buɗewarsa a ƙasa take, ita almakashi zai fara ci. Sai ka koma gida da wando wanda bai zama but-kot ba, bai kuma zama miƙaƙƙe ba, ga kuɗin tela ka biya. Gajere ya nemi miƙaƙƙe mai duhun launi, wanda bakinsa ya tsaya cak ba tare da ya taru a kan takalmi ba.

Dogo siriri, irin jikin da yawancin 'yan'uwanmu Fulani ke da shi, kowanne ya sa zai zauna. But-kot ma yana yi masa alheri, don yana ƙara wa ƙafa nauyi a ƙasa, mutum ya daina kama da sanda. Abin da zai kiyaye kawai tsawo ne. But-kot da ya ɗage sama da idon sawu ba shi da kyan gani ko kaɗan.

Mai kaurin cinya da faɗin ƙugu, irin masu dako da masu kama sa, nan ne ake yawan cewa but-kot ya fi, kuma akwai gaskiya a ciki: faɗin ƙasa yana daidaita faɗin sama, jiki ba ya zama kamar mazurari. Amma fa a tuna but-kot a cinya yake matsewa. In lambar ƙugu ta yi maka amma cinya ta cika shi tam, aljihun gaba zai riƙa buɗe baki, tsakiyar cinya kuma ta goge ta huje cikin 'yan watanni. Irin wannan jiki ya fi samun sauƙi a miƙaƙƙe mai yalwar cinya, kamar Levi's 505 ko 559. Duba takardar da ke ciki ma: in an rubuta auduga kashi 98 ko 99, ragowar kuma zaren roba, wandon zai ɗan ba da kai in ka tsuguna.

Mai tumbi da siraran ƙafafu ya riƙe miƙaƙƙe, kuma ya fi damuwa da tsawon da ke tsakanin maɓalli da tsakiyar wando fiye da yankan ƙafa. Nan akwai abin da ya fi ado muhimmanci. But-kot da yawa da ke zuwa a dila ragowar yayin shekarun 2000 ne, lokacin da ake yanka wando ya zauna can ƙasan cibiya. Da irinsa in ka yi ruku'u ko sujada, riga ta ɗage, wando ya zame, wanda ke sahun baya ya ga abin da bai kamata ba. Duk mun sha ganin haka a masallaci. In zif ɗin bai kai tsawon ɗan yatsanka na tsakiya ba, ajiye shi, sai dai in kullum da doguwar riga za ka sa.

Wanda ƙafafunsa suka ɗan lanƙwasa kamar baka, but-kot ko miƙaƙƙe mai faɗi suna ɓoye lanƙwasar, fensir kuwa tona ta yake.

Sai kuma garin da muke ciki. But-kot yana son tsawo, bakinsa ya kusa taɓa ƙasa ta baya, kuma yana son takalmi mai tudu. Mu kuwa rabin rayuwarmu a silifas muke. Da silifas diddige ke taka bakin wandon har ya tsage ya zama zare-zare. Ga damina: a watan Yuni da Yuli, in kwata ta cika ta haɗe da titi a Agege ko Mile 12, wannan faffaɗan bakin shi ke kwasar ruwan, kuma da shi za ka shiga sallar Azahar. Miƙaƙƙe ninki biyu za ka yi masa ya hau sama ya zauna, ko don alwala ko don ruwa. But-kot in ka naɗe sai ya warware, saboda bakin ya fi inda aka naɗa shi faɗi. Wanda kuma ba ya barin wandonsa ya wuce idon sawu saboda sunna, shi zaɓinsa a fili yake, miƙaƙƙe ne kawai ke kyau a wannan tsawon. Masu tuƙa babur su ma su lura, faffaɗan baki yana lasar sarƙa da salansa.

Game da awo, kada ka dogara da lambar da ke bayan wando. W ƙugu ne, L tsawon ƙafa ta ciki, duka a inci, amma wandon gwanjo wani ya sa shi shekaru, ya buɗe ko ya tsuke, wani ma an taɓa rage shi. Dabarar zagaya ƙugun wando a wuya da ake yi a kasuwa tana ɗan taimakawa, sai dai ba ta san tumbi ba, ba ta kuma san cinya ba. Abin da ya fi shi ne ka shimfiɗa wandon da ya fi zauna maka a gida, ka auna wuri huɗu da tef ɗin tela: ƙugu, cinya, tsawon ciki da faɗin baki. Rubuta su a waya, ka sa tef ɗin a aljihu. Mai kaya zai yi tsaki in ya ga ka fito da shi, amma zai bari ka auna. Kafin ka biya, ɗaga tsakiyar wandon ka kalli rana ta cikinsa. In haske ya ratso, yadin ya riga ya mutu a wajen, ko da ragi aka yi maka.