Yini Guda a Motar Yawon Buɗe Ido daga Landan zuwa Amsterdam

Iyalin da suka shiga babbar motar yawon buɗe ido daga Landan da nufin ratsa Faransa da Beljiyam su kwana a Amsterdam sukan tashi tun da asuba, domin lokacin tashin jirgin ruwan da ke ƙetarewa daga Dover zuwa Calais, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, shi ke tsara sauran yinin. A Dover jami'an Faransa ke duba fasfo, bisa wata yarjejeniya ta 2003, kuma a nan fasinjoji sukan sauka, yara da tsofaffi, su bi layi. Bayan Calais ba a cika tsayawa a kan iyaka ba, saboda tsarin Schengen, wato yarjejeniyar da ta fara aiki a 1995 ta janye shingayen bincike tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta.

Abin da ya fi shafar iyali shi ne dokar Tarayyar Turai da ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma taƙaita tuƙin yini ga awa tara a mafi yawan ranaku, alhali wata na'ura a cikin motar tana rubuta kowane minti. Saboda haka cin abinci da kewayawa da lallashin yaron da zama ya gundura duk sai su bi agogon direba, iyaye kuwa sukan tanadi ruwa da abin taɓawa tun daga gida. 'Yar tsayawar da ake yi a dandalin tsakiyar Brussels, babban birnin Beljiyam, ba ta isa a ce an ga birnin ba, kodayake takardun talla sukan lissafa Beljiyam cikin ƙasashen da aka ziyarta.