Yadda Kwamfutar 'Yan Jarida ta 1983 Ke Magana da Firinta

Duk ranar da firinta ta fito da takarda cike da alamomin da ba sa karantuwa, abin da muke fara cewa shi ne ta lalace, a kira mai gyara ko a sayo sabuwa. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Don mu gane dalili, mun koma kan wata kwamfuta da magabatanmu a aikin jarida suka riƙa yawo da ita cikin jaka.

Sunanta TRS-80 Model 100. Kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera ta, kamfanin Tandy na Amurka ya fara sayar da ita a shagunansa na Radio Shack a 1983. Nauyinta bai kai kilo 2 ba. Fuskarta layi 8 kawai take nunawa, kowane layi harafi 40, kuma ƙananan batura 4 ne ke riƙe ta kimanin awa 20. 'Yan jarida sun so ta ƙwarai, domin mutum zai rubuta labarinsa a filin wasa ko a cikin jirgi. Idan yana son ganin rubutun a takarda, ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ya haɗa ta da ƙaramar firinta ta wata kafa mai suna RS-232 da ke bayanta.

A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne. Babban baƙin A lambarsa 65, wato 01000001 a lissafin sifili da ɗaya. Kowane sifili ko ɗaya ana kiransa bit. Ta kafar RS-232 waɗannan bit suna bin waya guda, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗalibai masu shiga aji ta ƙofa ɗaya. Kafin firinta ta fahimci saƙon, sai an daidaita abubuwa huɗu.

Na farko, waya. Filogin yana da allura 25, amma uku ne mafi muhimmanci: ta 2 tana aikawa, ta 3 tana karɓa, ta 7 kuma ita ce ta ƙasa da na'urorin biyu ke auna wuta da ita. Firintoci da yawa su ma ta allura ta 2 suke aikawa. Idan aka haɗa 2 da 2, baki ya haɗu da baki ke nan, babu mai saurare, kuma firinta ba za ta motsa ba. Maganin shi ne wayar da aka gitta: ta 2 ta wannan ta shiga ta 3 ta wancan.

Na biyu, gudu. Dole ɓangarorin biyu su yarda da yawan bit da za a aika a daƙiƙa, ko 300, ko 1200, ko 9600. Idan kwamfuta na aikawa da 9600 firinta kuma tana jira da 1200, za ta yanka saƙon a inda bai dace ba. Daga nan ne shirmen alamomin nan ke fitowa.

Na uku, tsarin harafi. Ana sa bit ɗaya a gaban harafi don a ce ga shi nan tafe, sai bit 7 ko 8 na harafin kansa, sai na rufewa. Wani lokaci ana ƙara ɗaya na binciken kuskure. A Model 100, mai rubutu zai danna F3 ya buga COM:88N1E. Lamba 8 ta farko na nufin gudun 9600, ta biyu bit 8, N babu bit na bincike, 1 kuma bit ɗaya na rufewa. Ita firinta da wasu 'yan ƙananan makunnai ake saita ta, waɗanda sai da bakin biro ake iya tura su.

Na huɗu, dakatarwa, kuma aikin E ɗin ƙarshe ke nan. Mu yi lissafi: harafi ɗaya bit 10 ne, don haka gudun 9600 na kawo harafi 960 a daƙiƙa. Ƙaramar firinta ba ta iya buga wannan adadi. Idan ma'ajiyarta ta kusa cika sai ta aika alamar XOFF, wato dakata, idan ta samu wuri ta aika XON, wato ci gaba. Ba tare da wannan ba, farkon labari zai fito daidai, tsakiyarsa kuwa ta ɓace.

Akwai kuma wani ɗan tarko. A ƙarshen layi Model 100 tana cewa a koma farko ne kawai, ba ta cewa a sauko ƙasa. Firintar da ba a saita ta ta ja takarda da kanta ba za ta buga labarin duka a kan layi ɗaya har ya zama baƙi ƙirin.

Tun da USB ya fito a 1996, na'urori ke daidaita yawancin waɗannan abubuwa da kansu. Amma har yau ana samun RS-232 a wasu firintocin rasit na kantuna da manyan sikeloli. Don haka kafin mu yanke wa firinta hukunci, mu lura da abin da ta nuna: shiru yana nuni ga waya, shirme ga gudu ko tsari, ɓacewar tsakiya kuma ga dakatarwa. Kuɗin makaranta da na iyayenmu ba su da yawan da za a zubar da na'ura mai lafiya. Wanda ya san inda irin wannan tsohuwar firinta take, ya sanar da ƙungiyar 'yan jarida mu gwada ta tare da malamin kwamfuta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.